Murjani da Tinya: Dafin da Ke Cikin Kayan Ado



Ran da aka kafa sanarwar wannan lacca wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, kai da aka yanke wa cibi a Gozaki, ka tashi tsakanin auduga da dawa, me ya haɗa ka da abin da ke ƙarƙashin teku?" Ya yi gaskiya. Daga ƙasar Ƙafur zuwa gaɓar teku tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Amma ni malamin harshe ne, kalma ce kuwa ta ja ni har can, watau kalmar murjani.

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani. Daga Larabci muka aro sunan, yana kuma cikin Suratur Rahman. Shi kansa dutsen, ja ne mai sheƙi, daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro da shi ta hamada, har ya zama abin wuyan amare a nan. A fadar Bini ma kayan sarauta ne. To, abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, wannan abin wuya ƙashi ne. Mai ƙashin wata 'yar dabba ce ta teku mai zama cikin jama'a, dubbai a manne wuri guda, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da shi. Mu mataccen muka sani, matacce kuwa ba ya cutar kowa.

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar kiwon mai ran. Sukan kafa akwatin gilashi a falo, su cika shi da ruwan gishiri, su jera duwatsun da aka ɗebo daga teku, su kunna masa fitila mai shuɗin haske. Na fara ganin irin wannan a gidan da na yi haya sa'ad da nake karatu a waje, kuma ba zan ɓoye muku ba, na fi minti goma a tsaye baki buɗe. Cikin abin da ake kiwo akwai wani dangi da masana ke kira Palythoa. Ba shi da ƙashi mai tauri irin na murjanin wuya, shimfiɗuwa yake yi a kan dutse kamar tabarma, ka ce ƙananan furanni ne. Ba shi da wuyar kiwo, saboda haka shi ake sayar wa sabon shiga. Sau da yawa ma ba saye ake yi ba, maƙale yake zuwa jikin dutse. Waɗansu daga cikin wannan dangi suna ɗauke da wani dafi, falitoksin, wanda yake cikin mafiya ƙarfi da aka sani a halitta. Da ido kuma ba a rarrabe mai dafi da marar dafi.

Yadda aka gano dafin shi ne abin da ya fi jan hankalina, domin daga bakin tsofaffi aka samo shi. A tsibirin Mawi na ƙasar Hawai, kusa da garin Hana, mutane suna da labarin wani mugu mai bakin kifi a gadon bayansa, wanda ya riƙa cinye masunta. Da asirinsa ya tonu suka kashe shi, suka ƙone gawar, suka watsa tokar cikin wani ɗan kududdufi a bakin teku. Tun daga ran nan, in ji labarin, gansakukar kududdufin ta zama ajali, mayaƙa suka riƙa shafa ta a tsinin mashi, kamar dai yadda maharbanmu suke dafa kwankwani su shafa wa kibiya. Wurin ya zama abin tsoro, ba a zuwa, ba a nuna wa baƙo. A ƙarshen shekarar 1961 masu bincike na Jami'ar Hawai suka bi diddigin labarin har suka sami kududdufin. Ashe abin ba gansakuka ba ne, wannan dabba ce. A 1971 Richard Moore da Paul Scheuer suka fitar da dafin suka ba shi suna. Ku lura da kyau: mutanen Hana ba su san ilmin haɗa magunguna ba, amma sun kewaye haɗarin da suna da labari, ɗan yaro ma ya san inda ba a sa hannu.

Ga yadda dafin yake aiki, a taƙaice. Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana da wani ɗan famfo a bangonta, mai fitar da gishirin sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Da wannan aiki ne jijiya take kai saƙo, tsoka take motsi, zuciya take bugawa. Famfon kamar zaure yake mai ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Falitoksin yakan tokare su duka biyu a buɗe. Sai gida ya zama hanya, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita, ƙwayar ta lalace. Har yau ba shi da makari. Abin da likita zai yi shi ne ya tallafi numfashi da zuciya da ƙoda har jiki ya farfaɗo.

Muddin dabbar tana cikin ruwanta ba a dame ta ba, mai gida yakan shekara lafiya da ita. Ranar shara ce ranar wahala. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum goma a jihar Alaska da suka yi rashin lafiya ta wannan hanya tsakanin 2012 da 2014. Waɗansunsu ko taɓa abin ba su yi ba, suna barci ne a gidan da aka juye murjani cikin akwati, suka farka da tari da zazzaɓi da ɗacin ƙarfe a baki. A 2018, a wani ƙauye na yankin Oksfod a Ingila, wani magidanci ya fito da dutse daga akwatinsa ya kankare. Mutum goma aka kwasa zuwa asibiti, huɗu daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne da suka zo taimako. Mafi muni shi ne mai zuba wa dutsen tafasasshen ruwa don ya kashe abin da ke jiki. Zafi ba ya karya wannan dafi, sai dai tururi ya ɗauke shi ya raba wa duk mai hanci a gidan.

Don haka ƙa'idar masu kiwon ba ta da yawa. A sa safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, da tabarau mai rufe ido, da takunkumi. Kada a tafasa, kada a kankare, kada a feshe da ruwa mai ƙarfi, kada a bar dutsen ya bushe a fasa shi. Wanda za a zubar, a nutsar da shi cikin ruwan bilic na wanki, irin su Jik, ya jima a ciki, sa'an nan a ƙulle a leda. A buɗe tagogi, a fitar da yara. In kuwa wani ya fara tari ko ciwon jiki bayan aikin, a fita daga gidan duka, a gaya wa likita abin da aka taɓa, domin in ba a faɗa ba mura zai zata.

Yanzu bari mu komo gida, don na ga waɗansu sun fara cewa a ransu wannan matsalar masu kuɗin Turai ce. Mu ma muna zaune da dafi a shingenmu, mun kuwa daɗe tare. Aguwa da bini-da-zugu su ne shingen gona, tumfafiya tana kowane fako, zurma tana kan juji, zaƙami yana bayan gari, tinya tana kan duwatsu. Nonon tinya in ya faɗa ido, mutum ya ga tashin hankali. Masana a Ingila sun bincike shi cikin shekarun 1970, suka sami wani dafi mai ƙuna fiye da na kowane barkono, suka raɗa masa suna tinyatoksin. Kun ga kalmar Hausa ta shiga littattafan magunguna na duniya, mu masu ita ba mu da labari. Nonon tumfafiya yana dushe gani na kwanaki. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da garɗi kamar gyaɗa, yaro ya ci kaɗan sai amai da zawo.

Duk da haka ba kullum ake kwasar mutane zuwa asibiti ba, don kowane ɗayansu yana da suna, sunan kuma yana tafe da kashedinsa. Ni ban karanta haɗarin tumfafiya a littafi ba. Kakata ce ta buge mini hannu ina ɗan shekara shida, ta ce, "Kai, ɗan nan, so kake ka makance?" Harshen ma ya raba mana abin gida biyu: guba ita ce ta ciki, wadda aka ci ko aka sha, dafi kuwa na kibiya ne da maciji da kunama, mai shiga ta fata.

Inda nake jin tsoro shi ne gidajenku, ku ma'aikata. An ba mutum gida a unguwar ma'aikata a Funtuwa ko Malumfashi, ya tsaya bakin titi ya sayi shuke-shuken ado a tukwane. Ka tambaye shi sunansu, sai ya ce fulawa. Mai jan fure fulawa, mai faɗin ganye fulawa. Kalma guda ta haɗiye su duka, ba ta kuwa ɗauke da kashedin kome. Alhali cikinsu akwai oliyanda, mai siririn ganye da fure ja ko fari, da 'yar'uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa. Dangin kwankwani ne su biyun, gubarsu ma zuciya take tsayarwa, tun daga ganye har ƙwallo. Akwai kuma difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, wadda ake ajiyewa a falo. Kararta kamar rake, yaro in ya tauna sai baki da harshe su kumbura har magana ta gagara. A nan ma ranar shara ce abin ji: ran da aka sa yaron gida ya sassabe shinge hannu tsirara, ya goge gumi da bayan hannu, sa'an nan ya tara rassan ya cinna musu wuta kusa da madafa, ko a zuba wa awaki ganyen.

Abin yi a nan bai bambanta da na mai murjani ba. A rufe hannu, a tsare ido, kada a ƙona oliyanda, kada a yi tsinken nama ko asuwaki da itacenta. Nonon shuka in ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti goma sha biyar ko fiye, ba a murzawa, ba a ɗiga kome, daga nan sai asibiti. Yaron da ya ci wani abu, kada a tsaya ɗura masa manja ana jira a gani. A tafi da shi, a kuma tafi da reshen ko 'ya'yan da ya ci, likita ya gani da idonsa.

Ku kuma ɗaliban Hausa, ga aikin hutu. Kowa in ya je garinsu ya zauna da maharbi guda, da makiyayi guda, da tsohuwa guda, ya rubuto sunan kowace shuka da suke hana yara taɓawa, da ainihin kalmomin da suke hanin da su. Sa'an nan ya zaga gidajen ma'aikata na garin ya ƙirgo shuke-shuken da ba su da suna sai fulawa, ya ɗauko hotonsu. In mun dawo za mu zauna da malaman sashen ilmin tsirrai su faɗa mana ko mene ne kowanne, mu kuma mu nema masa sunan da uwa za ta iya kira da ƙarfi daga bakin murhu yaro ya saki.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu.