Ganganci a Wurin Aiki da Haƙƙin Samun Horo: Jawabi ga ’Yan Ƙungiya a Shabu



Yawancin yaranmu a nan Shabu da ƙarfinsu suke neman abinci: buga bulo, aikin gini, lodin buhuna, acaɓa a kan titin Lafiya zuwa Akwanga. A kowane rukuni akwai yaro mai zafin nama, wanda zai hau rufi ba igiya, ko ya sa hannu cikin inji bai kashe ba. Irin wannan zuciyar tana da amfani, domin shi ne ke fara shiga aikin da wasu ke tsoro. Amma idan ba a koya masa aikin ba, gangancinsa kan abokan aikinsa yake komawa. Wanda ke riƙe tsani a ƙasa, shi bulo zai faɗo wa. Daga nan kowa ya fara gudun aiki tare da shi, amana ta lalace.

Horo shi ke gyara wannan. Idan an koya wa mutum biyar aiki ɗaya tare, kowa ya san abin da ɗan’uwansa zai yi, ya san lokacin da zai ce “dakata” kuma a saurare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasunmu suna jin tsoron neman horo ko kayan kariya, don kada a ce baƙi sun cika surutu a sallame su. Ku sani, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali ko ƙabila, sashe na 40 kuma ya ba mu ’yancin haɗuwa a ƙungiya. Dokar Biyan Diyyar Ma’aikata ta 2010 ba ta tambayar takardar asalin jiha. Ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar NSITF cikin kwana 7.

Shawarata uku ce. Masu gida su zaunar da sabon yaro su nuna masa haɗarin aikin kafin ya taɓa inji. Tsofaffin hannu su riƙa tsawatar wa mai ganganci tun kafin a kai ga asibiti. Duk wanda ya ji rauni kuma, ya zo wurin sakatare a rubuta ranar da abin ya faru da sunayen shaidu.

Allah ya tsare mu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.