Maganin Danshi Mai Hawa Bango

Danshin da ke cin gindin bango daga ƙasa yake hawowa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ba safai yakan wuce ƙafa huɗu ba, alamarsa kuwa farin gishiri ne a jikin tubali, yaɓe yana zubewa. Masu gida sukan lulluɓe wurin da siminti, alhali wannan kora danshin sama kaɗai yake yi. Ya kamata hakimai su gargaɗi talakawansu, su kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango, su haƙa wa ruwan indararo hanya. Sa'an nan da rani a kankare ruɓaɓɓen yaɓen, a bar bango ya sha iska har ya bushe sarai, tukuna magini ya sake yaɓawa.