Alheri Danƙo Ne: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya A Taron Shekara-Shekara

 

An nemi in yi tsokaci a kan ƙaramin alheri da abin da yake haifarwa. Zan kafa hujja da wani al'amari da ya faru a Jihar Filato.

A ƙauyen Nghar, cikin Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, Kiristocin garin sun taɓa bai wa Musulmi fili kyauta don su gina masallaci.  Maƙwabci ne ya ga maƙwabcinsa yana neman wurin ibada, ya miƙa masa. Aka yi shekaru fiye da 40 ana salla a wurin.

Ranar 23 ga Yuni, 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin. Jama'a suka watse, kowa yana neman mafaka. Limamin masallacin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo wanda ya haura shekara 80, ya buɗe musu ƙofa. Ya shigar da mata gidansa, ya ɓoye maza a masallaci. Da maharan suka iso suka nemi ya fito musu da mutanen, ya ƙi, ya durƙusa yana roƙonsu har Allah Ya sa suka juya. Mutum 262 suka tsira, akasarinsu Kiristoci. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, sai ya tuno da kyautar filin nan. A 2019 Gwamnatin Amurka ta karrama shi da lambar yabo.

'Yan'uwa, kowa yana yabon jarumtar liman, kuma ta cancanci yabo. Amma ina so mu waiwayi waɗanda suka ba da filin. Ba su san cewa ginin da za a ɗora a kansa shi zai kare ran 'ya'yansu da jikokinsu ba. Sun yi ne don tsoron Allah da haƙƙin maƙwabtaka. Wannan shi ne Bahaushe yake nufi da cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Addininmu ma ya hore mu da kada mu raina aikin alheri, ko da sakin fuska ne.

Mu da neman abinci ya kawo birni, cutarmu ita ce jira. Mutum yana cewa sai ya yi kuɗi zai gina wa gari asibiti, alhali ɗan maƙwabcinsa na gida ya rasa kuɗin jarrabawa. Ka biya wa maraya guda kuɗin makaranta. Ka sauki ɗalibin da ya zo daga gida bai san kowa ba. Ki leƙa mara lafiyar da aka kawo asibiti daga ƙauye, ko da kwanon kunu ne. Maƙwabcinka na haya kuma, ko yarenku da addininku sun bambanta, ka san halin da ya kwana.

Wanda ya shuka ba lallai shi ne zai girba ba, amma ladarsa tana wurin Wanda ba Ya mantuwa. Allah Ya sa mu dace, Ya albarkaci garinmu da ƙungiyarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.