Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai: Yaranmu da Kwamfuta



Mu dai da alli muka yi karatu. Amma tun zangon jarrabawar 2015 JAMB ta bar takarda, alhali yaranmu da yawa na Sabon Birni da Isa sai a ɗakin jarrabawa suke fara taɓa kwamfuta.

Mai kama da talabijin ɗin nan sunansa allo, nan tambaya ke fitowa. Madannai kamar na tafireta ne. Abin turawa da hannu kuwa linzami. Bature ɓera ya kira shi, saboda wutsiya.

Don Allah a koya musu: N gaba, P baya, S miƙawa. Ɗan ƙanena ya miƙa tun bai kai rabi ba, sai da ya jira baɗi.