Wa Aka Tambaya, Wa Ya Jefa? Lacca A Kan Katin Zaɓe Da Kintacen Sakamako



Tambaya biyu ce ta tara mu yau: in zaɓe ya gabato, wa ake tambaya ra'ayinsa, wa kuma ke samun ikon jefa ƙuri'a? Za mu auna su da ƙasarmu ta Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu fara da kati. A 2015 Hukumar Zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta kafa sharaɗi cewa ba mai jefa ƙuri'a sai da katin dindindin wanda na'ura za ta karanta. A babban zaɓen 2023 kuma aka yi aiki da BVAS, mai duba yatsa ko fuska. Lalle an yi abin kirki, don an rage aringizo. Amma mu dubi lissafin zaɓen shugaban ƙasa: a 2011 kimanin kashi 54 cikin ɗari na masu rajista suka fito, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35, a 2023 kuwa kashi 27. Wani sashe na wannan raguwa ƙarya ce aka tsince daga lissafi. Wani sashen kuwa mutane ne masu rai waɗanda suka kasa isa akwati.

Ko a Ingila, da aka fara neman shaida mai hoto a zaɓen ƙananan hukumomi na 2023, kimanin mutum 14,000 aka mayar ba su komo ba, alhali kuwa ba mai tare musu hanya. To, ina ga namu?

Katinmu a ɗaure yake da rumfar da mutum ya yi rajista. Manomin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensa a ƙasar Zurmi, ya fake a Ƙaura, ko da ya tsira da katinsa, rumfarsa tana can kufai. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ya nemi sauyin wuri, amma kwana 90 kafin zaɓe. Wanda ya gudu da 'ya'yansa cikin dare ba ya ƙidayar kwanaki.

Wannan bawan Allah, shi ne dai masu kintace ba su isa gare shi. Kafin zaɓen 2023, binciken da kamfanin NOI ya yi wa gidauniyar ANAP ta wayar tarho ya sa Peter Obi a gaba, tare da jama'a masu yawa da ba su faɗi zaɓinsu ba. Bola Tinubu ne aka ce ya ci. Mu da muka ga an rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, mun san waya ba ta kai ga kowa. Ba ta kai ga ɗan gudun hijira, ba ta kai ga matar da wayar gidansu ke aljihun maigida.

Kana jiharmu ta sha ba masu lissafi kunya. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC saboda rashin ingantaccen zaɓen fid da gwani, Bello Matawalle ya hau mulki. A 2023 APC ta ci zaɓen shugaban ƙasa a Zamfara, bayan mako uku Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an kawo mana kintace, mu tambaya: wa aka tambaya, a ina, da wane harshe? Mu kuma nemi a kafa wa 'yan gudun hijirarmu rumfuna inda suke, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2015. Daga cikinmu ake ɗaukar malaman zaɓe, mu ne kuma muka iya cike takarda. In aka buɗe rajista, kowannenmu ya kama hannun wani dattijo ko wata gyatuma ya raka su ofis.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.