Ruwan Sama Da Tsirran Ƙasa: Abin Da Ya Kawo Mu Kurmi



An nemi mu ɗan yi bayani a kan abin da ya sa itatuwa da amfanin gona na nan Kurmi suka bambanta da na gida. Mu dai fatake ne, abin da muka gani a hanya da wanda muka ji wajen masana shi za mu faɗa.

Duk wanda ya taɓa bin mota daga nan Badun zuwa Sakkwato ya karanta wannan darasi da idonsa. Daga nan zuwa Oyo kwakwar manja da ayaba ne ke raka ka. Kana wuce Ilori ka haye gadar Jabba, sai daji ya buɗe, ga ciyawa doguwa, ga kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi. In ka bar Kwantagora da Yawuri sai kuka da gawo su karɓe ka. Can wajen iyakar Nijar kuwa sai goruba, aduwa, magarya da ƙayoyi.

To, me ya kawo haka? Masana sun ce iska biyu ke juya ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga teku ɗauke da laima, ɗaya kuma daga Sahara, busasshiya, ita ce hunturunmu. Ta teku tana fara sauka a Ikko tun watan Maris, ta riƙa hawa arewa sannu a hankali, ba ta isa Kano sosai sai wajen Mayu ko Yuni, kuma Satumba na ƙarewa ta fara ja da baya. Shi ya sa nan muke samun damina ta wata 7 zuwa 8, Sakkwato kuwa wata 4 ne. A shekara Badun kan samu ruwa fiye da milimita 1,200, Fatakwal ta haura 2,000, Sakkwato kuwa da ƙyar take kai 700.

Kowane tsiro Allah Ya yi masa dabarar zama a inda Ya ajiye shi. Kuka tana tara ruwa a cikinta, ta zubar da ganye da rani don kada ta yi asararsa. Gawo ya saɓa wa sauran: da damina ya kaɗe ganye, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sha rana da taki, da rani kuma ya yi kore dabbobi su samu abinci. Gero cikin kwana 90 ya nuna, daidai da gajeriyar damina. Goro da koko kuwa 'yan gata ne, sai da inuwa da laima kusan duk shekara. Ka kai iccen goro Katsina, rani ɗaya ya ishe shi. Ka kawo albasar Aliero ka ajiye nan cikin damina, kafin ka ankara ta tsira ko ta ruɓe. Abincin wani gubar wani.

Akwai kuma maganar tudu. Jos tana tsakiyar ƙasa, amma saboda tsayin wurin da sanyinsa ake noma dankalin Turawa. A tsaunin Mambila har ganyen shayi ake nomawa.

'Yan uwa, wannan bambanci shi ne jarinmu. Kakanninmu sun yi ta zuwa Gwanja da jakuna neman goro, don ƙasarmu ba ta yin sa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma goro ya yawaita a gonakin Shagamu da Ijebu, sai hanya ta juyo nan. Shanu ma haka: ƙudan tsando da ke son duhuwar kurmi yana sa musu sammore, dole a kiwata su a arewa a kawo nan a yanka. Da ruwan Kano da na Badun ɗaya ne, da babu dalilin kafa Sabo. Ya kamata 'ya'yanmu da aka haifa nan su san wannan, su daina ganin gida a matsayin busasshiyar ƙasa kawai. Wake, albasa, tattasai da tumatirin da ake ci a Ikko, akasarinsu daga can suke.

Sai dai akwai abin tsoro. Manyanmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa, mutane suka kwararo kudu ba don fatauci ba. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye ƙwarai. Saukar ruwa a hannun Allah take, amma sare itace a hannunmu yake. Yau buhunan gawayi ake lodawa daga Shaki, Kwara da Neja, kuma a cikinmu akwai masu wannan sana'a. Kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, a sare ta cikin awa ɗaya. Inda itace ya ƙare, iska da ruwa su kwashe ƙasar noma, kuma ranar da gona ta daina bayarwa a gida, mu nan ba mu da abin saukewa daga mota.

Don haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, masu harkar gawayi su daina sayen na kaɗanya da ɗorawa. Na biyu, duk mai gona a gida ya gaya wa masu yi masa noma su bar gawo da sauran itatuwan da suka tsiro da kansu, su yi musu sassabe su tashi, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har gonakinsu suka farfaɗo. Na uku, in za mu je gida da salla mu tafi da yara da rana, mu nuna musu itatuwan nan da sunayensu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, nan da gida.