Darasin Da Ke Cikin Rayuwar Hajiya Gambo Sawaba: Jawabin Sakataren Ƙungiya



Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata mazauna garin Keffi, muna yi muku barka da zuwa. Kwamiti ya umarce mu da mu yi magana a kan 'yancin mace a gidajenmu na baƙunta. Sai muka ga ya fi kyau mu kawo labarin wata 'yar baƙo kamarmu, wato marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

An haife ta a shekarar 1933. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya, ya musulunta ya zauna a Zariya. Mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Sunanta na yanka Hajaratu, ana kiranta Gambo saboda ta biyo tagwaye. Ta fara makarantar firamare a Tudun Wada, amma rasuwar iyayenta ta katse mata karatu, aka aurar da ita tana da shekara 13.

Ku dubi irin zamanin da ta tashi. Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu unguwa, inda baƙar fata ba ya zama sai in shi kuku ne ko boyi. Manyan muƙaman gwamnati na farar fata ne. Sannan suka raba mu kanmu: 'yan gari a cikin birni, baƙi 'yan Arewa a Tudun Wada, 'yan Kudu a Sabon Gari. Ga ta baƙar fata, ga ta 'yar baƙo, ga ta mace, ga talauci. Kaya huɗu ke nan a kan mutum ɗaya.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sai ta shiga tana da ƙuruciya, har ta zama shugabar mata. Ta tafi Abeokuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ta haɗa kan matan kasuwa. Ta dawo ta riƙa bi gida-gida tana yi wa mata bayani a kan auren wuri, da aikin tilas, da haraji, da karatun 'ya mace. A kan haka aka ɗaure ta har sau 16, aka yi mata dūka, aka kore ta daga Kano. A daidai wannan zamani ne, a 1955, wata baƙar fata mai suna Rosa Parks ta ƙi tashi wa Bature daga kujerar bas a Amurka. Ashe ciwon iri ɗaya ne.

Matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin samun mulkin kai a 1960, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama. Hajiya Gambo ta ga wannan rana da idonta. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP. Ta rasu a watan Oktoba na 2001, kuma yau akwai babban asibiti a Zariya mai ɗauke da sunanta.

To 'yan uwa, ina ruwanmu da wannan labari? Tsarin mulki na 1999 ya ba mu abin da ita ba ta samu ba. Sashe na 41 ya ce kowane ɗan ƙasa yana da ikon zama a duk inda ya so a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko don shi namiji ne ko mace. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Duk da haka mun san wahalar takardar shaidar asali wajen neman makaranta da aiki, kuma matar da ta yi aure a wata jiha ta fi kowa shan ta, domin can gida a ce ta fita, nan kuma a ce baƙuwa ce.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowace yarinya ta gama aƙalla shekara tara na karatun tushe, waɗanda dokar 2004 ta ce kyauta ne kuma dole ne. Na biyu, magidanta su bar matansu su yanki katin zaɓe, su kuma halarci ajin yaƙi da jahilci. Da yawanmu a nan da furfurarmu muka koyi riƙe alƙalami, kuma bai rage mu da komai ba. Na uku, duk wadda aka hana wa haƙƙinta ta kawo kuka ofishin ƙungiya a rubuta, mu bi mata ta hanyar doka, ko da zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ce.

Ba zai yiwu mu koka da wariyar da ake nuna mana a waje ba, alhali muna nuna wa 'ya'yanmu mata irinta a cikin gida. Allah Ya jiƙan Hajiya Gambo, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.